Ciwon Kunnen Yara Da Allurar Rigakafi: Jawabin Da Aka Gabatar A Taron Ƙungiya A Dogo Nini

 

Kwamitin jin daɗin jama'a ne ya ɗora mana nauyin yin magana a kan ciwon kunnen yara. Mu dai 'yan kasuwa ne, abin da muka iya shi ne mudu da buhu da lissafin riba. Amma mun zauna da ma'aikatan lafiya mun yi musu tambayoyi har sai da suka gaji da mu, mun kuma karanta abin da ya sawwaƙa, shi ne muka ce bari mu kawo muku cikin harshen da kowa zai gane. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. To yau maganar kunnen ce da kansa.

Babu gidan da ke unguwar nan da bai san wannan ciwo ba. Yaro ya yi mura kwana uku ko huɗu, sai dare ɗaya ya tashi da kuka, jiki ya yi zafi, ya ƙi nono, yana ta kai hannu kunne yana murza kai a jikin uwa. Ba mai barci a gidan. Da gari ya waye sai a ga mugunya ta bushe a kan matashi, yaro kuwa ya yi shiru ya sami barci. Nan take sai hankalin kowa ya kwanta, a ce alhamdu lillahi, ciwo ya fashe. To a nan ne muke son a tsaya a yi tunani, domin abin da ya fashe ɗin dodon kunne ne.

Bari mu ɗan bayyana yadda Allah ya gina kunne. Ramin nan da muke gani daga waje ba shi da zurfi, a ƙarshensa akwai wata fata siririya a ɗaure tamau kamar fatar kalangu, ita ce dodon kunne. A bayanta akwai wani ɗan ɗaki mai iska a ciki, da ƙananan ƙasusuwa guda uku, waɗanda babu ƙashin da ya kai su ƙanƙanta a jikin ɗan Adam. Sauti ya bugi fatar, fatar ta motsa ƙasusuwan, su kuma su miƙa can ciki. Wannan ɗan ɗaki shi ake kira kunnen tsakiya, kuma yana da wata 'yar kafa da ta gangara ta ɓulla bayan hanci, wajen maƙogwaro. Direbobinmu da masu fatauci zuwa Jos sun san ta. In mota ta fara hawan dutse sai ka ji kunne ya toshe, ka haɗiye yawu ka ji ya buɗe. Wannan kafar ce ta buɗe iska ta shiga.

A wurin babba kafar tana da tsawo kuma tana da gangara. A wurin jariri gajeriya ce, kuma kusan a kwance take, kamar kwatar da aka haƙa ba a yi mata gangare ba. Da mura ta zo sai bakin kafar ya kumbura ya toshe, ruwa ya taru a cikin ɗakin ya rasa hanyar fita. Su kuwa ƙwayoyin cutar da ke zaune a bayan hanci sai su bi kafar su hau, su tarar da ruwa mai ɗumi a kwance, su hayayyafa, ruwa ya zama mugunya. Mugunya ta yi ta tura dodon kunne, shi ne azabar da ke hana yaro barci, har fatar ta kasa ta huje. Shi ya sa ciwon ya fi kama yara daga wata 6 zuwa shekara 2, kuma shi ya sa yake yawaita da hunturu, lokacin da ƙura da mura suka cika gari.

Kun ga ke nan ciwon daga ciki yake fitowa. Iyayenmu mata sukan ce nono ne ya zuba a kunnen yaro lokacin da ake shayar da shi a kwance, har a riƙa ganin laifin uwa ana cewa ba ta iya goyo ba. Nonon da ya zuba ta waje ba ya iya ƙetare dodon kunne mai lafiya, saboda haka a daina ɗora wa 'ya'yan mutane laifin da ba nasu ba. Inda maganar take da ƙamshin gaskiya shi ne yaron da ake kwantar da shi rigingine a cusa masa bulumboti, domin madarar tana iya bin ta maƙogwaro ta taɓa bakin kafar nan. Haka kuma masu cewa haƙori ne ke kawo shi. Lokacinsu ne kawai ya zo ɗaya.

Ita murar da ke buɗe ƙofa, yawanci ƙwayar bairos ce ke kawo ta. Amma masu yin mugunyar su ne ƙwayoyin da ake kira bakteriya, kuma likitoci sun ce guda uku ne manyansu: nimokokas, da himofilas, da moraksela. Sunayen suna da nauyi a baki, amma babban da muke so a riƙe shi ne na farko. Tun shekarar 1881 aka gano shi, mutum biyu ne suka gan shi a shekara ɗaya ba tare da sun haɗa kai ba, Louis Pasteur a Faransa da George Sternberg a Amurka. Shi wannan nimokokas yana zaune a bayan hancin yara da yawa masu lafiya garau, ba ya yi musu komai, suna wasa suna raba wa juna ta majina da tari da atishawa. Sai ranar da ya sami kafa. In ya hau sama ya zama ciwon kunne. In ya gangara ƙasa ya zama ciwon huhu, wanda muke cewa ciwon haƙarƙari ko namoniya, yaro yana numfashi sama-sama awazu suna faɗawa. In kuwa ya shiga jini ya kai ga rigar ƙwaƙwalwa, ya zama sanƙarau. Watau ɓarawo ɗaya ne, ƙofar da ya shiga ce ta bambanta. Kuma iri-iri ne, sun haura 90, kamar yadda dawa take da kaura da farfara da sauransu.

Yanzu ga inda abin ya fi damunmu. Sau da yawa hujin dodon kunne yakan haɗe da kansa in an yi magani da wuri. Amma in aka bar shi, mugunya ta wuce mako 2 tana zuba, to ciwo ya zama na zaune. Hujin ya tsaya a buɗe, ruwan wanka da ruwan kududdufi su riƙa shiga, wasu ƙwayoyin dabam masu taurin kai su samu wurin zama, kunne ya yi wari, ƙudaje su riƙa bin yaro, 'yan'uwansa su riƙa gudunsa a wajen cin abinci. A hankali ƙananan ƙasusuwan nan su lalace, ji ya ragu. Akwai kuma wanda ba ya zubar da komai, ba ya ciwo, ruwa ne kawai mai yauƙi ya kwanta a bayan dodon kunne wata da watanni. Irin wannan yaro yana ji ne kamar wanda ya toshe kunnuwansa da yatsu.

Malamanmu na allo da na Islamiyya, a gafarce mu, wannan ɓangaren naku ne. Mu da muka zauna a gaban malam mun san karatu da kunne ake ɗaukarsa kafin ido. Malam ya biya, almajiri ya maimaita. Yaron da jinsa ya ragu ba zai raba sinun da sadi ba, ba zai raba ha ƙarami da ha babba ba, a biya masa sau goma ya kawo wani abu dabam. Yana zaune a bayan aji cikin yara sittin suna ta ƙara, ba abin da ke isa gare shi sai guna-guni. A gida a kira shi ya yi banza da mutane, a aike shi sayen gishiri ya dawo da sukari. Sai mu yanke masa hukunci: daƙiƙi ne, kunnen ƙashi gare shi. A sa masa bulala. Alhali yaron nan bai ji ba ne. Muna roƙon duk malamin da ya ga yaro yana yawan cewa "na'am?", ko yana karkato gefe ɗaya na kansa, ko yana zuba wa bakin malam ido ƙur, ya matso da shi gaba, sa'an nan ya aika a kira mahaifinsa. Haka jaririn da ya shekara bai waiwaya in an kira sunansa, ko ya shekara 2 bai fara haɗa kalmomi ba, kada a tsaya cewa nauyin baki ne na gado. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahoton da ta fitar kan ji a 2021, ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara abu ne da ake iya hana aukuwarsa.

To, ina maganar rigakafi ta shigo? A shekarar 2000 aka fara amfani da allurar rigakafin nimokokas ta jarirai a Amurka. Nijeriya ta shigar da ita cikin alluran yara a watan Disamba na 2014, aka fara da wasu jihohi, zuwa 2016 ta game ƙasa. A katin yaro za ku ga an rubuta PCV. Sau uku ake yi, a cinya: yaro yana da mako 6, da mako 10, da mako 14. A ranakun nan ne kuma ake yin wadda aka rubuta Penta, da aka fara a 2012, mai haɗe da rigakafin cututtuka biyar, cikinsu har da mashaƙo da tarin shiƙa. Duk kyauta ne a asibitin gwamnati.

Ɗan kasuwan kirki ba ya yabon hajarsa fiye da yadda take, saboda haka za mu faɗa muku gaskiyar abin da allurar nan take yi. Ba ta hana ciwon kunne ɗungurungum. An gwada irinta ta farko a ƙasar Finlan a kan yara 1,662, aka buga sakamakon a 2001. Ciwon kunnen da ire-iren nimokokas na cikin allurar ke kawowa ya ragu da kashi 57 cikin 100, amma da aka haɗa ciwon kunne gaba ɗaya, ragin kashi 6 ne kacal. Dalili kuwa shi ne allurar ta ƙunshi wasu ire-ire ne kawai, waɗanda suka fi kisa, kuma ga sauran ƙwayoyin biyu suna nan. Ita ma Penta, himofilas ɗin da take karewa shi ne mai kawo sanƙarau da ciwon huhu, ba ɗan'uwansa mai yawan shiga kunne ba. Don haka idan yaronka ya yi allura sa'an nan ya yi ciwon kunne, kada ka ce an yaudare ka. Abin da take ragewa shi ne mai tsananin, mai yawan dawowa, wanda ke kai kunne ga lalacewa.

Babbar ribar kuwa tana wajen rai. A ƙasar Gambiya, nan yammacin Afirka, mutane irinmu masu zafi da ƙura da sauro irin namu, an gwada allurar a kan yara fiye da 17,000, aka fitar da sakamako a 2005. Ciwon huhun da aka tabbatar da hoton ƙirji ya ragu da kashi 37 cikin 100, mutuwar yara kuwa, ko mene ne sanadinta, ta ragu da kashi 16. Duk wanda ya san lissafi ya san wannan ba ƙaramar riba ba ce a kan jarin da ba ka sa ko kwabo ba. A nan gida ma, a Kumbotso ta jihar Kano, masu bincike sun yi ta duba hancin jama'a daga 2016 zuwa 2020, suka tarar ire-iren da ke cikin allurar sun ragu, har a wurin manyan da ba a yi musu ba. Watau jaririn da aka yi wa allura yana rage abin da zai shafa wa ƙanensa da kakarsa.

Kada kuma a manta da allurar ƙyanda ta wata 9 da ta wata 15. Tsofaffinmu sun san yadda baƙon dauro yake tafiya ya bar yaro da kunne yana zuba, ko ido ya tafi.

Mun san akwai masu ɗari-ɗari, kuma ba za mu ce ba su da dalili ba. Yawancinmu nan asalinmu Kano ne da Katsina da Haɗeja da Zariya, muna da 'yan'uwa a can, mun san abin da ya faru a 1996 lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, aka yi ta shari'a shekara da shekaru. Wannan magani ne aka gwada a kan marasa lafiya, ba allurar rigakafi ba ce, amma tabon ya zauna a zukata. Shi ya taimaka aka dakatar da ɗigon shan inna a Kano a 2003, sai a 2004 aka dawo, a tsakanin nan kuwa cutar ta bazu har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Daga baya sarakunan Arewa ƙarƙashin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar suka shiga gaba, har a watan Agusta na 2020 aka tabbatar ƙwayar shan inna ta daji ta ƙare a Afirka. 'Yan matan da aka ɗiga wa maganin nan ana cewa zai hana su haihuwa, ga su nan a gidajenmu da goyo, wasu da biyu wasu da uku. Wannan hujja ce da kowa ke gani da idonsa.

Mu mutanen Potiskum ma ba sai an ba mu labari ba. A 2023 mashaƙo ya shigo jihar Yobe, bayan Kano babu jihar da ta kai mu yawan masu kamuwa, kuma garin nan yana cikin inda abin ya yi tsanani. Yawancin yaran da ya kama ba su cika alluransu ba, alhali rigakafinsa yana cikin Penta ɗin nan da ake yi rana ɗaya da PCV. A farkon 2024 kuma sanƙarau ya shiga makarantun kwana na yankin nan, aka yi rashin ɗalibai, Allah ya jiƙansu. Wancan wata ƙwaya ce dabam da nimokokas, kuma a watan Maris na shekarar aka kawo sabuwar allurarta, Nijeriya ce ƙasar farko a duniya da ta fara amfani da ita.

A ganinmu, abin da ya fi hana yaran unguwar nan cika allura ba ƙiyayya ba ce, sakaci ne da tafiye-tafiye. Mu baƙi ne masu gida biyu. Mace ta tafi wankan jego garinsu, kati yana can ko yana nan, ta dawo an manta inda aka tsaya. Ga dabara mai sauƙi: mako 6 kwana 42 ne, watau kwana biyu bayan arba'in. Ranar da mai jego ta gama wanka, to allurar farko ta zo. Daga nan a ƙirga mako huɗu, a sake ƙirga mako huɗu. Katin yana aiki a kowane asibitin gwamnati, ko a Gumel ko a Daura, a sa shi cikin kayan jariri a tafi da shi. Wanda lokaci ya wuce masa ma a kai shi, ba a komawa farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa.

Sai mu magidanta. Sau nawa mace ta shirya za ta asibiti maigida ya ce ba yau ba, yau Laraba ana cin kasuwar shanu, ko tirela ta iso za a sauke kaya? Sau nawa yaro ya yi zazzaɓi daren allura, maigida ya kasa barci, ya rantse ba za a sake ba? Zazzaɓin nan da ɗan kumburin cinya na kwana ɗaya ne ko biyu, farasitamol na yara yana kwantar da shi. Mu da muke kiran malamin dabbobi ya yi wa shanunmu allura kafin a loda su zuwa Kudu, bai kamata kuɗin Keke Napep zuwa asibiti ya gagare mu ba.

Idan ciwon ya riga ya zo, a kai yaro a haska kunnen a gani. In ma'aikacin lafiya ya rubuta amoksisilin, a shanye kwanakin da ya ce ko da yaro ya warware a rana ta biyu. Saye rabin kwalba a kemis a ajiye saura don wani yaron, shi ke koya wa ƙwayoyin nan jure magani. Kuma a yi hattara da masu saurin cewa a yi allura. Akwai alluran da ke kashe jijiyar ji in aka yi su ba bisa ƙa'ida ba, irin su jantamaisin, wannan kurumtar kuwa ba ta dawowa. Kunnen da ke zuba, kada a ɗiga masa man ja, ko man kaɗanya, ko turare, ko ruwan albasa, ko nono, domin ƙofa a buɗe take, duk abin da aka zuba ciki yake wucewa. Kada a sa gashin kaza ko tsinken ashana. A sami ƙyalle mai laushi mai tsabta a murza shi kamar lagwani, a sa a bakin kunne ya tsotse mugunyar, a canja wani har ya fito a bushe, sau uku a rana, sa'an nan a ɗiga maganin da asibiti suka bayar. A hana ruwa shiga wajen wanka, da damina kuma a hana shi kududdufi.

Akwai alamun da ba a kwana da su. In bayan kunne ya kumbura yana zafi har ya turo kunnen gaba, ko wuya ya sanƙare, ko yaro ya fara jijjiga, ko baki ya karkace, ko ya yi ta amai yana barcin da ba a iya tashinsa, to mugunya ta nufi ƙashi ko ƙwaƙwalwa. Ko tsakar dare ne a nufi babban asibitin Potiskum. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura Damaturu ko Azare, kuma akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, wadda aikinta ke nan.

Iyayenmu mata, abu biyu suna hannunku. Nono zalla har wata 6 yana rage ciwon kunne, kuma hayaƙin murhu yana ƙara shi, saboda haka in za a hura itace a sauke goyo a ba wani ya riƙe a inuwa. Masu shan taba kuma su fita waje.

Shawarar da kwamiti ya ce mu miƙa wa shugaba ita ce, a taron wata mai zuwa kowane magidanci ya zo da katin duk yaron gidansa da bai kai shekara 2 ba. Za mu roƙi ma'aikaciyar lafiya ɗaya ta zauna tare da mata a duba katunan, wanda ya tsallake allura a rubuta masa ranar zuwa. Malaman makarantun unguwa kuma su kawo sunayen yaran da suke zargin ba sa ji sosai, a asirce, a hannun sakatare, ƙungiya ta ɗauki kuɗin motar kai su a duba su daga asusun taimako. Wanda katinsa ya ɓata ya zo da yaron haka nan, za a yi masa sabo.